Tsagar Kuncin Hagu

Duk wadda ta taɓa buɗe akwatin ƙarfe da ya sha damina a rufe ta san warin da nake nufi: kafur, da tsatsa, da ɗan tsami-tsamin zanen da ya daɗe bai ga rana ba. Shi ya tare ni bara, da ruwa ya ɗauke, ranar da na zauna shanya kaya a ɗakina na nan Faskari. Na yi ta ɗaga zannuwa ina kakkaɓewa har na kai ƙasan akwatin, inda hoton uwata yake naɗe cikin tsohon ɗankwali. Na warware shi, na kai bakin ƙofa wurin haske na duba. Hoton da na sani baƙi da fari ya koma ruwan ƙasa kamar jiƙon kanwa. Gefe-gefensa ya koɗe har ba a gane komai, danshi kuma ya shiga tsakanin takarda da gilashin da aka rufe hoton da shi ya manne su.

Abin da na yi daga nan ba zan ɗora wa kowa ba. Na ɗauko wuƙar yankan kuɓewa, na sa bakinta a hankali, wai zan raba takardar da gilashin in shanya. Ta rabu ɗin. Amma kuncin uwata na hagu ya bi gilashi, da na taɓa shi kuma ya marmashe a yatsana kamar ɓawon gyaɗa. Inda yake sai wani farin tabo. Na zauna a ƙasa na daɗe ban tashi ba.

Ku yi haƙuri in maganata ta zo muku a tsaye. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu kafin na zauna kan benci a ajin yaƙi da jahilci, kuma haɗa baƙi malamarmu ta koya mini, ba kwana-kwana ba. Hoton nan shi kaɗai ne. Uwata ba ta sake zama gaban mai hoto ba har ta bar duniya. Gidan da aka ɗauke shi yanzu kango ne a wani ƙauye bayan Sabuwa, tun da mutanen daji suka tashi garin. Kabarinta yana can, ciyawa ta cinye hanya, babu mai iya zuwa. Da aka raba 'yan kayanta kowa ya ɗauki kwano da zane, ni na ɗauki hoton. In ya tafi, fuskarta ta tafi ke nan.

Ni ɗiyar fari ce. Yaran yanzu sai an yi musu bayani, to ga shi. A gidajenmu uwa ba ta nuna ta san ɗan farinta. Ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane sai dole, ba ta kallonsa ido cikin ido, shi ma ba ya kallonta. Kunya ake ce da abin, kuma macen da ta rasa ta zancenta ake yi a bakin rijiya. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, uwar babana, can ƙuryar gida kusa da rumbuna. Tsakanin ɗakin Kaka da na uwata bai fi taku ashirin ba, amma har na bar gidan ban taɓa zama kan gadonta ba.

Ku tambaye ni bayan uwata in ba ku labari har rana ta faɗi. Da bazara, in ɗorawa ta nuna, mata kan shiga dajin da ke yamma da gari da ƙota da kwanduna, ni ina biye da su can baya. Na san wuyanta, na san yadda zufa ke gangarowa tsakanin kafaɗunta, na san fason dugaduganta da take cusa wa man kaɗe. Da damina, in mata biyar suna daka a tsakar gida, ina daga ɗakin Kaka nake ware ƙarar taɓaryarta, don ita kaɗai ke jefa ta sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe. Na san warin kalwa da ke zama a zanenta kwana uku bayan ta dafa daddawa. In za ta ba ni abu, ba ta ba ni. Takan ɗora gasasshiyar masara kan turmin da ke kife a ƙofar Kaka ta wuce, tana faɗa wa iska cewa kaji za su cinye in mai ita bai zo ba. In ƙanena ta aika, cewa take, "Kai wa waccan." Waccan ɗin ni ce, kuma ban taɓa jin zafin sunan ba, don masarar da ake ajiye wa waccan ita ce mai manyan ƙwayoyi.

Uwata ba 'yar garinmu ba ce. Daga wajen Ketare babana ya auro ta, daga gidan Maguzawa, ta musulunta ta zo. Tana da tsagar gidansu, dogaye, daga saitin kunne su gangaro zuwa gefen baki. Duk wanda ya gan ta a kasuwa ya san inda ta fito, kuma akwai masu tuna mata in faɗa ya haɗa su. Ba ta taɓa jan mayafi ta rufe ba. Wannan da gefen ido na san shi, yadda mutum ke sanin inda rana take ba tare da ya dube ta ba.

Shekarar da aka ɗauki hoton auduga ta yi wa babana kyau. Bayan ya sayar, sai ga wani mutum daga Funtua a kan keke, da akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Kaka ta ce ba da ita ba, wai akwatin nan tsotse kwanan mutum yake yi, ta shige ɗaki ta ja asabari. Uwata aka zaunar kan kujera gaban danga, da baƙin saƙinta na fita da awarwaro, ƙanena a kan cinyarta. Ni aka ba riƙon keken mai hoto kada ya faɗi, saboda haka ina tsaye daf da bayansa. Ya shige cikin ƙyallensa, ya ɗaga hannu, ya ce ta dubo nan kada ta motsa. Ta dubo. Duk tsawon rayuwata sau ɗaya ke nan fuskar uwata ta juyo sosai inda nake, ta tsaya. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon sarƙar keke, kamar yadda aka koya mini.

Za ku ce ai hoton ya shekara da shekaru a hannuna, me ya hana ni ƙare masa kallo. Hoto ne ɗan ƙarami, bai fi tafin hannu ba, fuskar cikinsa kamar farcen babban yatsa, tsagar kuma inuwa-inuwa kawai. Sannan gaskiya ita ce ko shi ɗin kunyarsa nake ji. Nakan buɗe, in ga tana dubana, in naɗe.

Wadda na kai wa shi ɗiyata ce ta fari. Ita ma ana yaye ta goggonta ta ɗauke ta zuwa Mairuwa, can ta girma, can aka aurar da ita, kuma yadda aka yi mini haka na yi mata, ban rage komai ba. Yanzu malamar makaranta ce a Kankara, da 'ya'yanta manya. Ta koyi kwamfuta, tana buga wa mutane katin biki, mata kuma suna kawo mata tsofaffin hotuna ta gyara. Hajiya take ce mini, ni kuma in ce Malama, ko in ce ke. Na shiga mota da hantsi, hoton a ƙirjina cikin leda biyu, muna tafe kowa na addu'arsa a hanyar nan da kuka sani.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ga farin tabon, ta ga sawun wuƙa a gefen takardar, ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, kuma na gode mata a zuciya. Ta kifa hoton cikin wata na'ura mai murfi, haske ya bi ta ƙarƙashinsa ya wuce, sai ga shi a allon kwamfuta ya cika shi fal, ya fi faifai girma. Abu na farko da ta yi shi ne ta ajiye guda gefe. Ta ce wannan na asali ne, ba a taɓa shi, duk ɓarnar da za a yi a kan ɗan'uwansa za a yi.

Ban taɓa ganin aiki mai kama da wanki irin wannan ba. Ta ja wani abu a hankali, ruwan ƙasan nan ya fara janyewa, baƙi ya koma baƙi, fari ya koma fari. Sai ga zanen saƙin ya fito layi-layi. Sai ga awarwaro guda huɗu. Sai ga layar da ke wuyan ƙanena, da saƙar dangarmu, har da wutsiyar wata kaza da ke wucewa ta gefe, wadda shekara hamsin ban san tana cikin hoton ba. Inda takarda ta karce, takan ɗebo ɗan wuri mai lafiya daga kusa ta liƙa a kai, kamar mai yi wa zane faci da ƙyallen jikinsa. Na zauna ina kallon tsakar gidanmu tana dawowa, har ina jin kamar Kaka za ta yi tari a bayan asabari.

Da azahar ta yi na tashi salla. Ashe saura fuska, kuma a cikin manhajar da take gyaran da ita akwai wani wuri da ake dannawa ya gyara fuska da kansa. Ta danna. Abin ya yi mata kyau a ido, har ta tura wa dangi ta waya don ta faranta mini. Ina sallamewa ta juyo mini da allon tana murmushi.

Wata yarinya ce zaune kan kujerar uwata, sanye da saƙin uwata, riƙe da ƙanena. Fara sol, fuska sumul kamar ta jikin kwalin sabulu, hanci a tsaye, ba tabo ba layi. Kyakkyawa ce, ban hana ta ba.

Na ce, "Malama, wannan ɗiyar wa ce?"

Murmushin ya ɗauke. Ta ce ai kakarta ce. Na ce kakarta baƙa ce, kuma tana da tsaga. Sai ta dafe baki. Tana ƙarama ƙwarai uwata ta rasu, ba ta riƙe kamanninta ba, kuma ni da ya kamata in ba ta labari ban taɓa zama na yi hira da ita irin wannan ba. Ta ce ta ga layukan, ta ɗauka karcewar takarda ce. Ita ma manhajar haka ta ɗauka, don da fuskokin wasu mutane aka koya mata yadda fuska take, duk layin da ta gani a kunci datti ne a wurinta, sai ta share.

Muna cikin haka ƙanena ya kira, wanda ke kan cinya a hoton, yanzu Alhaji ne da shago a Funtua. Murna yake yi. Ya ce bai taɓa sanin tsohuwa ta yi kyau haka ba, a wanko masa babba ya rataye a falo. Na gaya masa abin da aka goge. Sai ya fara zagaye-zagaye, wai ai hakan ma ya yi, an wuce zamanin nan, yara za su yi ta tambaya, surukai na shigowa falon. Na san abin da yake nufi, shi ma ya san na sani.

Na ce, "Alhaji, matar da ta goya ka tana da tsaga, kuma ba ta taɓa ɓoye ta don kai ba. In wannan kake so ka rataye ta, amma ka nemo mata suna, don ba uwarmu ba ce."

Na tambaye shi tsagar guda nawa ce, shi da ya yi wasa da fuskar nan da hannunsa. Ya ce biyar ko shida, wa ke ƙirga tsagar uwarsa.

Ɗiyata ta koma kan na asalin da ta ajiye. Ta ƙara girman kuncin dama har ya cika allo, ta nuna mini yadda za a bambanta: karcewa fara ce, miƙaƙƙiya, takan tsallake fuska ta hau danga, ita kuwa tsaga baƙa ce, tana lanƙwasa da lanƙwasar kunci. Muka bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. Biyar. Amma na hagu babu abin bi, farin tabon da na yi da hannuna ne kawai. Ta ce akwai dabara, za ta iya kwafo kuncin dama ta juya shi ta ɗora a hagu, babu wanda zai gane. Na ce a'a tun kafin in san dalili. Wani abu ne a can ƙasan raina yake ce mini ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Na tuna Kaka ta taɓa tsokanarta cewa wanzamin garinsu bai ƙarasa aikinsa ba. Amma mene ne bai ƙarasa ba, ban sani ba.

Ta ce a hankali, "To Hajiya, yaya suke? Ki faɗa mini in zana."

Ni da ba a taɓa rufe mini baki a taron mata ba, ni da na tsaya gaban mai gari na faɗi abin da ke raina, na buɗe baki babu komai. Daga baya na ce mata ban sani ba. Na ce ban taɓa kallon fuskar uwata ba. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, don ban taɓa sanin abin faɗa ba ne sai ranar. Na kuma ce ba za a zana ƙarya a fuskarta ba, gara a bar farin tabon kowa ya ga aikina.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai sani, ita ce ƙanwar uwata, wadda muke kira Iya. Tana can gidansu na asali wajen Ketare, su yanzu coci suke zuwa. Rabona da ita ya fi shekara goma, kuma ba ni da wata hujja sai ta kowa, yau da gobe. Washegari da safe muka tafi, ɗiyata da kwamfutarta a jaka.

Muka same ta a gindin wata bishiyar mangwaro tana ɓarar gyaɗa, ta ƙanƙance kamar yarinya, tsagarta ta nutse cikin tamoji. Ta ɗago ta daɗe tana dubana.

Ta ce, "Mi ya kawo ki? Ko an ce maki na mutu ne kin zo rabon tukwane?"

Na durƙusa na gaishe ta, na karɓi faɗan da na cancanta, ta yi shi har ya ishe ta. Ta juya kan ɗiyata, ta ce wannan doguwar fa, da ba ta iya kawo wa kakarta ko goro ba sai allo, a miƙo mata ita ta gani ko tana da nama. Suka yi ta tsokanar juna irin ta jika da kaka har aka kawo mana ruwa da fura. Sannan ɗiyata ta buɗe kwamfutar. Da gangan ta fara nuna mata farar yarinyar nan. Iya ta kawo ido kusa, ta ce ba ta san ta ba, amma ta saci zanen yayarta. Aka nuna mata na asali. Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Ta sa tafin hannu a kan allon, ta bar shi nan, bakinta yana motsi ba sauti. Can ta janye.

Da na gaya mata abin da ya kawo mu, sai ta yi dariya har da tari. Ta ce kowa a gidansu ya san wannan. Biyar-biyar ake yi musu ranar suna. Ranar da ake yi wa yayarta, wanzami ya gama dama, ya yi huɗu a hagu, ya ɗauko ta biyar ya kai rabi, sai ƙudan zuma ya harbe shi a fatar ido. Ya yar da aska ya yi ta tsalle. Da ya dawo zai ƙarasa, kakarsu ta hana, ta ce abin da ya tsayar da askar ya san dalilinsa. Haka ta girma da huɗu da rabi, ana tsokanarta a dandali wai ta gudu ba a gama ba.

Ɗiyata ta tambaye ta rabin a ina ya tsaya, sama ne ko ƙasa, ta kusa da hanci ce ko ta kusa da kunne. Iya ta gwada nunawa a allo, amma idonta ba ya ware ƙananan abubuwa. Sai ta ce a kawo mata tukunya. Ta lakato baƙin gindinta da tsinken kara, ta dube ni ta ce, "Matso. Huskarku ɗaya, ke ce dai ba ki sani ba."

Ta kama haɓata da hannu ɗaya ta juya ni wajen haske. Ina jin sanyin tsinken yana saukowa daga saitin kunnena zuwa gefen baki, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta biyar, wadda ta fi kusa da ido, ta taho ta tsaya daidai ƙashin kunci. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, kamar ba da ni take ba. Ta ce duk zuwan da yayarta ta yi ganin gida, in sun tafi wanki rafi su biyu, ba ta da zance sai nawa, na yi tsawo, na iya tuƙa tuwo, bakina ya fi ƙarfin Kaka. Ta ce can babu surukai, sunana take faɗa ɓaro-ɓaro, har sai an ce ta isa.

Ban motsa ba, don kada layin ya karkace. Amma sai da aka sake zana na huɗu, ruwan idona ya ɓata shi. Ɗiyata ta ɗauki kuncina da waya ta gaba da ta gefe.

Kwana biyu ta yi tana aikin bayan mun koma Kankara, daga ta dawo makaranta har la'asar sakaliya. Ba ta sake taɓa wurin nan mai gyara da kansa ba. Ta shimfiɗa wani shafi marar launi a kan hoton, kamar leda, ta ce a kansa za ta yi zanen, don duk wanda ya zo bayanmu ya iya ɗagawa ya ga inda takarda ta tsaya da inda hannunta ya fara. Wannan ya kwanta mini. Ta cike farin tabon da fatar da ta ɗebo daga goshi da haɓa, baƙa yadda take. Sannan ta riƙa ɗebo duhun tsagar dama tana jera shi a hagu, ɗigo-ɗigo, hoton kuncina a buɗe a gefe tana aunawa. In ta yi layi ta goge, ta sake, ta matsa baya ta duba.

Ni ina zaune gefenta a kan tabarma, ba ni da aikin yi. Hankalinta duk yana kan allo, haskensa yana kan fuskarta. Sai na ga babu mai ganina, na ɗaga ido na dube ta. Na dube ta sosai, yadda ban taɓa yi ba tun ranar da ungozoma ta miƙo mini ita na kau da kai don mata na tsaye. Tana cije leɓen ƙasa in tana aiki. Furfura ta fara mata a gaban kunne. A girarta ta dama kuma, wajen ƙarshe, akwai wani ɗan tabo inda gashi bai fito ba.

Na ce, "Ke, me ya same ki a gira?"

Ta taɓa wurin ba ta juyo ba. Ta ce ai tun tana shekara bakwai ne, a Mairuwa, ta zame a bakin rijiya ƙarfen guga ya yanke ta. Ta ce jini ya rufe mata ido har Goggo ta ɗauka idon ya tafi. Ta faɗe shi kamar labarin wata. Shekara kusan arba'in tana zuwa gaishe ni da wannan tabon, tana durƙusawa gabana, ina amsawa ina kallon ƙofa.

Na ce ba a gaya mini ba. Ta ce an aiko, aka ce na ce Allah ya sawwaƙe. Na tuna kuwa. Na tuna na faɗi haka gaban uwar mijina, na ci gaba da tankaɗe, sannan na zaga bayan ɗaki na daɗe.

Wannan karon ta juyo. Muka dubi juna, ba mu saba ba, abin ya yi mana nauyi mu duka, ita ta fara yin dariya. Na ce in wata rana wani ya zo gyara hotonta, ta bar wasiyya kada a taɓa mata girar nan. Ta ce to, Hajiya. Ta koma ta ƙarasa rabin layin.

An wanko guda shida. Na kai wa Iya nata da ƙafata. Alhaji da ya ga nasa ya daɗe riƙe da shi, daga baya matarsa ta gaya mini yana falo, sama da talabijin. Nawa yana jikin bango inda nake salla, ba cikin akwati ba, baƙar mace mai tsaga biyar da huɗu da rabi, tana dubana, ni ma yanzu ina dubanta.

Zamani ya juya. Jikokina ba wanda aka sa wa aska a fuska, kuma ban ce a dawo da ita ba. Matan yanzu suna kiran ɗan fari da sunansa tun daga ƙofar gida, suna sumbatarsa gaban surukai, wayoyinsu cike da hotunansa, na dariya da na kuka da na cin tuwo. Da nakan taɓe baki in na gani. Yanzu ba na taɓewa, ko da yake ba zan ce iyayenmu ba su iya so ba, na ci masarar da ke kan turmi, na san abin da na ci. Abin da na sani shi ne kunyar nan ta ɗauki wani abu daga hannun uwata, ta ɗauka daga nawa, kuma ba duka ake samun wata Iya da za ta mayar ba.

Sunan ɗiyata har yau bai iya fita bakina ba. Na gwada, ni kaɗai a ɗaki, harshen ya ƙi. Wataƙila haka zan tafi. Amma in wani ya zo ya tambaye ni kamanninta, ba zan aika shi Ketare ba. Girar dama ce, wajen ƙarshe, tsawon ƙwayar shinkafa, ta ɗan karkata sama.